Yaɓe Daga Ciki

Shekara arba'in da ɗoriya ina taka ƙasa,
ba takun tafiya ba, takun kwaɓi.
Jar ƙasar bayan Ƙofar Gayan, ruwa, ramno,
in nutse a ciki har idon sawu,
tafin ƙafata ya gaya mini ta tsumu ko da saura
tun kafin ido ya sani.

Yau ga ni, Barau magini,
na bar takalmi ɗaya a ƙofar masallaci
na taho Kwarbai da ɗayan.
Ban sani ba sai da Tasalla ta ce,
"Kaka, ina ɗan'uwan wannan?"
Na duba. Har ƙaya ta rako ni gida,
ta shiga ba sallama.

Da dare kuwa, ƙafafun nan da ba sa jin tsakuwa
su ke jin tururuwar da babu ita,
su ke taka garwashi a kan tabarma mai sanyi.

A Shika likita ta ɗaga takardar awon ƙashina.
Ba ta ƙare bayani ba na gane,
don na sha ganin azara haka:
waje sumul, ciki gara ta gama biki.
Ta kama damtsen da ke cilla tubali saman soro,
ya lanƙwashe mata kamar lagwani.

"Baba, me kake ci?"
Na ce koko da safe, tuwo da dare,
tsakani kuma goro.
Ta ajiye biro ta dube ni.
"Wane magini ke kwaɓi ba ramno?"
Yarinya sa'ar autata,
ta kayar da ni da sana'ata.

Tun ranar Tasalla ta karɓe mulkin tukunya.
Kindirmo da hantsi, ƙoƙo guda, ba ciniki.
Ƙananan kifin nan busassu,
a daka su har ƙaya a zuba wa kuka.
Zogale da ƙuli, riɗi, wake, awara da zafinta.
Ƙwai in kaza ta yarda,
hanta in aljihu ya yarda,
kuma kaza ta fi aljihu cika alkawari.

Ga farar ƙwaya mai kama da guntun alli,
kalsiyam, sai bayan loma ta sauka.
Ga ƙaramar da ke yi mata jagora zuwa ƙashi.
Ga allurar jijiya, ja wur kamar zoɓo,
wadda nake ƙirga wata saboda ita.

A tashar Ƙofar Doka wani mai lasifika
ya rantse kwalbarsa guda
ta isa sanyin ƙashi, basir da mantuwa.
Hannuna ya kai aljihu,
hannun Tasalla ya riga shi.
"Ba ka ji likita ba?
Ko bitamin ne, in jiki bai nema ba ka ɗura masa,
jijiyar da kake lallashi ita zai ci."
Na haɗiye maganata. Jika ce, amma ta fi ni gaskiya.

Yanzu da safe nakan zauna a dakali
in bar rana ta taɓa ƙwaurina.
In tashi daga kujera sau goma, tana ƙirgawa,
tana kama ni in na tsallake bakwai.
Akwai tsohon tubali guda da na ajiye,
shi nake ɗagawa, shi da na taɓa jefa dubunsa.
Da dare ta haska tocila tsakanin yatsuna
tana neman ciwon da ba zai faɗa mini ya zo ba.

Babu wanda ya ce zan koma kan katanga.
Amma ni na sani, bangon da ya zaizaye
ba rushe shi ake yi ba,
yaɓe ake masa kafin damina,
hannu ɗaya bisa ɗaya, a jira ya sha iska.

Jiya na taka jiƙaƙƙen gindin randa.
Na ji sanyi, ko dai na zaci na ji.
Ban gaya wa kowa ba.
Na ɗaga ƙafar, na sake takawa.